Ranar da Ba-Komai Ya Hana Surukinsa Sauka

Tun yana ƙarami ake kiransa Ba-Komai, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka taka masa ƙafa, ba komai. Ka cinye masa rabonsa, ba komai. Akwai ranar da wani ɗan ajinsu ya zura takalmansa ya tafi da su, shi kuma ya tako ƙasa har gida cikin tsakar rana. Da uwarsa ta tambaya, sai ya ce ai sun fi yi wa yaron kyau. Matar nan ta dube shi sama da ƙasa, ta ce da ana mayar da haihuwa kamar kayan kanti, da tuni ta je ta yi canji.

Ba wawa ba ne fa. Kai gare shi, irin wanda malamai ke jin haushi don ba sa samun abin duka. Ciwonsa a ido yake. Muddin ya ga fuskar mutum, to kalmar "a'a" ta maƙale masa a wuya kamar ƙayar kifi, ba ta fita ba ta komawa. Sai dai Allah ya ba shi wani abu a madadi. A gidansu in gwaggonni suka taru, duk tare suke magana, kowace da nata zancen, ba mai sauraron wata. Shi kaɗai yake iya zama a tsakiya ya riƙe zaren kowace, ya san wadda ke zancen ciwon gwiwa da wadda ke zagin tela, kuma ya san su wa za su yi karo nan gaba kaɗan, ya tashi ya sa kujerarsa a tsakaninsu.

Da ya gama karatu aka ce ya samu aikin kula da zirga-zirgar jiragen sama, dangi suka yi dariya har da riƙe ciki. Yayarsa ta ce, "Wannan? In jirgi ya ce zai sauka a rufin gidanmu, cewa zai yi ba komai, bari in kwashe shanya."

Masu aikin nan kashi biyu ne. Akwai na saman hasumiya, masu zama cikin gilashi suna kallon jirage na tashi da sauka. Su ake nunawa a talabijin. Akwai kuma na ƙasa, a wani ɗaki da ba taga, sanyi kamar inda ake ajiye gawa, kowa da rigar sanyi rataye a bayan kujera, ga warin shayin da ya kwana a kofi. Nan aka kai Ba-Komai. A gabansa baƙin allo, a kan allon ɗigo-ɗigo masu haske suna rarrafe kamar kwarkwata a ɗinkin riga. Kowane ɗigo jirgi ne cike da 'ya'yan mutane. Aikin duka abu ɗaya ne: kada ɗigo biyu su matsi juna. Ashe sama hawa-hawa take kamar gidan bene. Kowane jirgi da hawan da aka ba shi, ba ya ɗagawa ba ya saukowa sai an ce masa. Tsakanin na sama da na ƙasa akwai tazarar da doka ta yanka, haka tsakanin na gaba da na baya. Shi matuƙi, duk kwalliyar hularsa, da ya shiga gajimare ya zama makaho, na ɗakin duhu ne ɗan jagorarsa. Kuma duk abin da aka faɗa masa ta rediyo dole ya maimaita shi kalma-kalma, don a tabbata ya shiga kunne.

To a nan Ba-Komai ya ba dangi kunya. Rediyo ba ta da fuska. Yana maƙala abin kunne ya ja makirufo gaban baki, sai ya zama wani mutum. Tsaya inda kake. Rage gudu. Juya hagu. Ba yanzu ba. Manyan matuƙa masu furfura su roƙi a gajarta musu hanya, ya hana su cikin sanyin murya, ko gezau. Ba a kiran suna a rediyo, lambar jirgi ake kira, kuma lamba ba ta da idon da za ta kalle ka da shi. Yana tashi aiki ya cire abin kunnen, mai gadi ya ce ya ara masa cajar waya, ba komai. Ba ta dawo ba har yau.

Shugabar ɗakin wata mata ce gajeriya mai tabarau, ana ce mata Almakashi, don ba ta taɓa barin kowa ya kai ƙarshen uzurinsa ba. Ita ma da bakinta ta ce a duk ɗakin ba ta da kamarsa, kuma yabo a bakin matar nan ya fi haƙorin kaza wuya.

Aure ne ya ɓata lissafi. Masu wannan aiki ana duba lafiyarsu a kai a kai, a auna ido, a auna kunne, a auna jini. A asibitin filin jirgin akwai wata nas, autar gidansu, kowa Auta yake ce mata. Ta ɗaura masa abin awon jini, ta ga ya hau, ta sake, ya ƙara hawa. Ta ce, "Malam, ko dai ni ce ciwon?" Ita ta nemi lambarsa, ita ta kira, ita ta faɗa masa ranar da zai je ya gaida iyayenta. Shi dai nasa bai wuce amsawa ba.

Da ranar ta zo, ya shiga falon gidansu ya tarar da hular matuƙi rataye a bango, ƙarƙashinta wani dattijo ƙato, gashin baki kamar tsintsiya, ya cika kujera. Kafin ya yi magana sai da ya yi gyaran murya, wata irin doguwa mai hawa biyu, kamar ana jan tebur a kan siminti. Ba-Komai ya san gyaran muryar nan. Shekara da shekaru yana jin ta a kunne kafin a kira lambar wani jirgi, kuma ya sha hana mai ita abin da yake so.

"Gaida Baba mana," in ji Auta.

Ya durƙusa ya gaishe shi. Kyaftin ya karkata kai yana saurare.

"Sake magana in ji."

"Na ce ina wuni, Baba."

"Ashe kai ne. Kai ne kake shanya ni a sama kamar shirwa, ina kallon gidana ba halin sauka."

"A yi haƙuri, Baba."

Kyaftin ya yi dariya har tumbinsa na rawa, ya ce a kawo wa yaro lemo. A wurinsa wasa ne. A wurin Ba-Komai kuwa, daga ranar ɗigo ɗaya a allon ya tsiro gashin baki.

Abin ya fara a hankali. Da an ji gyaran muryar nan a rediyo, sai Ba-Komai ya gyara zama, ya haɗe gwiwoyi, har ya ɗan sunkuyar da kai wa makirufo. Abokan aiki suka gano. Wani da ake ce wa Dogo, da ke kujerar kusa da shi, yakan zungure shi da biro ya ce, "Tashi ka shimfiɗa tabarma, surukinka ya iso." Shi kuwa Kyaftin, mutum ne da bai san layi ba. A asibiti, a gidan mai, a wurin aski, shi dai a fara da shi. A sama ma haka: kullum a bar shi ya yanke kwana, a bar shi ya fara saukowa da wuri, a sa shi gaban wane. Ba-Komai ya riƙa nema masa hanya. In akwai 'yar kafa, ya cusa shi. In babu, ya rage wa wani gudu ya ƙirƙiro ta. Ba a karya doka ba, amma ana ta jingina da ita kamar tsohuwar katanga. Har Kyaftin ya fara alfahari a cikin abokansa, wai shi tun da ya aurar da Auta bai ƙara sanin mene ne shawagi ba.

Ranar da katangar ta faɗi, rana ce tsaka, gajimare ya rufe ko'ina. Jirgin Kyaftin na dawowa, yana can hawan sama. A ƙarƙashinsa wani jirgin fasinja da bai daɗe da tashi ba yana ta haurowa, zai gitta ta gabansa. Ba-Komai yana ganin su duka biyun, kada wani ya ce mantuwa ce. Sai ga gyaran murya. Kyaftin na son saukowa yanzu.

Amsar a bayyane take, ko ɗan koyo ya san ta: dakata sai na ƙasa ya wuce. Ba-Komai ya buɗe baki, ya ga falo, ya ga hula a bango, ya ga mutumin da ya ba shi 'ya. Sai ya yi lissafin mai jin kunya, ya ce a ransa ai kafin Baba ya sauko wancan ya gitta. Ya ba da izini. Wancan kuwa ya ɗebo kaya da mutane har wuya, tafiyarsa yake kamar mai tsohon ciki. Shi ko Kyaftin ya sako kai ƙasa kamar wanda aka kira cin abinci.

Ɗigo biyun suka koma ja. Ƙararrawa ta ɗauka. Ba-Komai ya fara ba da umarni, wannan ya juya dama, wancan ya tsaya, amma kafin bakinsa ya rufe na'urorin da ke cikin jiragen sun riga shi. Su ma suna da nasu hankalin: in suka ji ƙarfe na matso ƙarfe, sai ɗaya ta daka wa matuƙinta tsawa ya hau, ɗayar ta ce wa nata ya nutsa. Haka aka yi. Jiragen suka wuce juna cikin gajimare, ba wanda ya ga wani. Fasinjoji abin da suka sani kawai shayi ya zube musu a cinya, wata mata ta zagi ma'aikaciyar jirgi. Ba su san saura ƙiris a kwashe su da cokali ba.

Almakashi ba ta ɗaga murya ba. Ta zo ta tsaya a bayansa ta ce, "Cire. Dogo, karɓe shi." Ba-Komai ya cire abin kunnen ya tashi daga kujerar.

Duk maganar da aka yi a rediyo naɗe ta ake yi. Bayan kwana kaɗan aka kira shi wani ɗaki mai dogon tebur, ga masu bincike, ga Almakashi, aka kunna. Ba-Komai bai taɓa jin kansa ba. Da farko ya ji wani namiji mai murya tsayayya yana juya jirage kamar mai kora shanu. Sai gyaran murya. Sai ya ji wata 'yar siririyar murya mai zaƙi, kamar ta wadda ta shigo aron gishiri, tana cewa an yarda a sauko. Wani cikin masu binciken ya ɗaga kai ya tambaya ko an canza ma'aikaci ne a daidai nan.

"Ba a canza ba," in ji Almakashi. "Surukinsa ne ya shigo layi."

Aka sake kunnawa. Aka kuma sakewa. Wani ya rufe baki da takarda yana tari, tarin da kowa ya san ba tari ba ne. Da ƙasa na da ƙofa da Ba-Komai ya ƙwanƙwasa.

Hukunci ya fito: an ɗaga shi daga kujera. Zai koma ɗakin gwaji inda jiragen na ƙarya ne, sannan a dawo da shi kan na gaske, Almakashi na zaune a gefensa da nata abin kunnen. In ta sa hannu, ya koma aikinsa. In ta ƙi, lasisi ya tafi, sai dai a ba shi tebur a ofishin da ake buga hatimi. Kujerar nan kuwa ita ce wuri ɗaya a duniya da Ba-Komai yake cikakken mutum.

Ya bi ta har bakin ofishinta.

"Ranki ya daɗe, da za a riƙa duba ranakun da Baba ke tashi, sai a ba ni hutu a..."

"A'a."

"Ai don a kauce wa..."

"Ba zan tsara sama bisa auren kowa ba. Gobe ƙanwarka ta auri matuƙi, jibi maƙwabcinka ya sayi jirgi. Ranar da zan gwada ka, ranar da yake sama ce. Na duba da kaina."

Ƙarshen mako suka je cin abinci gidan Kyaftin, kamar kullum. Ba-Komai ya yi zaton zai tarar da dattijo ya yi laushi. Ina. Yana ta aika loma, yana ba da labarin yadda ya ja jirgi sama da hannu ɗaya.

"Baba," in ji Auta, "ka san fa saboda kai aka ɗaga shi."

"Saboda ni? Ni roƙo na yi. Kowa ma ina roƙonsa. Matuƙi aikinsa roƙo, su aikinsu hanawa. Shekara nawa ina roƙo ana hana ni, na mutu? Shi wa ya ce ya ba ni?"

"Haka ne, Baba," in ji Ba-Komai.

"Ka ji ko," Auta ta ajiye cokali. "An tura ka rami, ana tambayarka me ya kai ka, kana cewa haka ne."

Abin haushin, tsohon bai yi ƙarya ba. Mara kunya ne, amma a wannan magana gaskiyarsa ce.

Auta ta ɗaura ɗamarar gyaran miji. Ita tun tana rarrafe take ce wa ubanta a'a, ba ta ga abin wahala a ciki ba. Ta ce za a fara da ƙananan mutane. Maƙwabcinsu na da ɗabi'ar aron tsani, ya riƙe sai an bi shi. Ta ce yau in ya zo, a hana shi. Ya zo. Ba-Komai ya fita ƙofa ya cije, ya haɗe gira, ita tana leƙe ta labule. Ta ga suna magana. Ta ga maƙwabci ya dafa masa kafaɗa. Can sai ta ga mijinta ya saɓo tsani a kai, maƙwabci na gaba yana nuna masa inda zai jingina.

Ta canza dabara. Ta zaunar da shi a kicin ya juya mata baya, ta sa masa murfin tukunya a gaba a matsayin allo, ta tsaya a bayansa tana kwaikwayon gyaran muryar ubanta. Ta iya kuwa, har kyanwar gidan ta fice.

"Ina so in sauko."

"Dakata tukuna."

"Da kyau. Sake. Ina so in sauko, yaro."

"To... in dai ba damuwa..."

Ta ɗauke murfin ta ce Allah ya sa ofishin hatimi akwai fanka.

Ɗakin gwaji bai ba shi wahala ba. Jirgin ƙarya ba shi da 'ya. Ranar gaske ta zo da hadari. Tun hantsi gabas ta yi baƙi, jirage suka yi ta kauce wa gajimare suna taruwa wuri ɗaya kamar awaki a rumfa. Titin sauka ɗaya ne, kowa na so. Ba-Komai ya jera su, wannan bayan wannan, waɗanda ba wuri ya tura su wani gefe su yi ta zagaye, kowa a hawansa, har layi ya zo kansu. Almakashi na gefensa, ta harɗe hannu. Dogo kuwa yau ko zungura babu.

Sai ga ta, mai hawa biyu.

Kyaftin ya kira lambarsa, ya ce yana ganin wata kafa tsakanin gajimare, a bar shi ya miƙe kai tsaye ya sauko. Ba-Komai ya dubi allo. Kafar tana nan, gaskiya ne. Amma a bakinta akwai wani ƙaramin jirgi mai farfela yana tafiyarsa a hankali, shi ke kan layi, kuma in aka sako ƙaton jirgin Kyaftin a bayansa zai cim masa kafin su kai titi.

Gwiwoyinsa suka haɗe da kansu. Kansa ya fara sunkuyawa. Ya ji 'yar muryar nan ta aron gishiri tana haurowa daga ƙirjinsa, har ta iso maƙogwaro. Kada a ce jarumta ce ta zo masa, ko tunanin rayukan bayin Allah. Mutum ba ya canza hali a tsakiyar wuni. Dogon teburin nan ya tuna. Ya tuna mai tarin ƙarya, ya tuna za a sake kunna shi a gaban mutane, a sake, a kuma sakewa. Kunyar suruki ta taso, kunyar naɗin murya ta taso, suka kama kokawa, ta biyun ta fi ƙarfi.

Ya kira lambar jirgin. Ya ce ba a yarda ba. Ya ce ya tsaya a hawan da yake, ya wuce wurin zagaye, ya jira a kira shi.

Sai aka sake gyaran murya, wannan karon har hawa uku.

"Ko rediyon ba ta fita sosai ne? Ba a gane mai magana ba?"

Dogo ya sunkuyar da kai cikin allonsa. Almakashi ta juyo da tabaranta. Zufa ta tsattsafo wa Ba-Komai a cikin sanyin nan, ta gangaro ta bayan kunne.

"Ana jin ka sarai," ya ce. Ya sake faɗin umarnin, a hankali, kamar mai ba yaro saƙon kasuwa. Sannan ya ƙara abin da doka ta ce a ƙara in matuƙi bai amsa daidai ba. "Maimaita."

A gaban duk jiragen da ke kan layin, don kowa na jin kowa, Kyaftin mai gashin baki ya maimaita maganar mijin 'yarsa kalma-kalma. Muryarsa kamar yana tauna tsakuwa. Wani matuƙi, ba a san ko wane ne ba, ya danna rediyonsa ya saki ba tare da ya ce komai ba, amma an ji ƙarshen dariya.

Ɗigon ya karkata ya shiga zagaye. Ya zaga. Ya kuma zagawa. Mai farfela ya lallaɓa ya sauka abinsa, na bayansa ya sauka, wani ma da ya riga Kyaftin isowa ya sauka. Sai da layi ya zo kansa daidai, ba gaba ba baya, Ba-Komai ya sauko da shi hawa-hawa ya miƙa shi ga na saman hasumiya. Kyaftin bai yi sallamar da ya saba ba.

Da aka karɓi Ba-Komai a kujera, ya miƙe. Almakashi ta cire abin kunnenta tana naɗe wayar.

"Ranki ya daɗe, game da zaman da na yi, na san gwiwoyina sun ɗan..."

"Ba gwiwa nake saurara ba. Litinin, aikin rana. Ka je ka wanke fuska."

Da ya faɗa wa Auta, ta sa shi ya maimaita mata wurin "maimaita" har sai da ta zauna a ƙasan kicin tana share hawaye. Shi bai yi dariya ba. Yana tunanin ƙarshen mako.

Ranar Lahadi suka isa gidan Kyaftin. Mama, matar Kyaftin, ta buɗe ƙofa tana danne dariya da gefen mayafi.

"Auta, ke shigo. Kai kuma, ɗana, ya ce a faɗa maka falo bai samu ba tukuna. Wai ka ɗan zagaya, za a kira ka."

"Mama, wane irin abu ne wannan?" in ji Auta. "Kai, wuce mu shiga."

"Bar shi," in ji Ba-Komai. "Layinsa ne."

Ya sa hannu a aljihu ya kama hanya. Ya bi ta gaban kantin magani, ya karya ta wurin mai faci, ya zagayo ta bayan makaranta ya dawo. Kyaftin na zaune a barandar bene da kofin shayi. Ya leƙo, ya juya yatsa a iska: a sake. Ba-Komai ya sake. A zagaye na gaba mai faci ya tambaye shi ko wani abu ya yar. Ya ce a'a, jira yake. Sai da rana ta gasa masa ƙeya sosai sannan yatsan ya nuna ƙofa.

Ya tarar an ci an bar masa nasa a rufe, ya huce. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, aka amsa da hanci. Ya zauna yana ci. Kyaftin na ta sakace, yana kallon bango. Can ya yi gyaran murya, gajeriya.

"Litinin da rana ina dawowa. Kana kan kujera?"

"Ina kai, Baba."

Dattijon ya juya tsinken a baki, ya yi tsaki.

"To bari in ce su ƙara mini mai a jirgi."